Ƙarshen Fim ɗin Mai Facin Keke

A gidanmu na Kankia ni ce mai baki. In na kalli fim a maƙwabta na dawo, sai na maimaita shi kaf a tsakar gida, da muryar saurayin da ta budurwar da ta mugun, har kiɗan ma da baki nake yinsa. Shi ya sa da aka sa ranar aurena, abin da ya hana mahaifiyata sukuni ba kayan ɗaki ba ne, bakina ne. Ta zaunar da ni ta yi ta nanata mini cewa a gaban uwar miji ba a ɗaga ido, ba a cin abinci, ba a dariya har haƙori ya fito, kuma ba a ambaton abin da ke tsakanin namiji da mace ko da da wasa. Na riƙe wannan huɗubar fiye da yadda ita kanta ta nufa.

Kusada aka kai ni. Gidan ba shi da yawan jama'a: mijina, wanda ke koyarwa a wata firamare ta wajen Ƙofa, sai mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, sai autarta. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Ciwon ido ya cinye wa Inna ganinta, haske da duhu kawai take rarrabewa, kuma akwai wani magani da ake ɗiga mata safe da rana da yamma don kada ɗan abin da ya rage ya tafi. Auta ce ke ɗiga mata. Ita ke ajiye mata buta inda hannunta zai same ta, ta daidaita mata darduma, ta cire mata ƙaya in an dafa kifi. Ni aikina girki da shara da gaisuwa. Na fi shekara a gidan, amma da za a ce in kwatanta fuskar Inna da na ji kunya. Ƙafafunta kuwa na san su ciki da waje, har da ɗan yatsan da farcensa ya fita bai sake tsirowa ba, domin su nake kallo duk lokacin da na durƙusa gaishe ta.

Ni da Auta kuwa kamar mun taso ɗaki ɗaya. Ta ɗan girme ni, amma tunda matar yayanta ce ni, wasa ya halatta, kuma ba ta raga mini. Takan ce an kawo musu amarya mai baki biyu, ɗaya na ɗaka mai zuba kamar famfo, ɗaya na gaban Inna wanda aka ɗinke da zare. Ɗinkin hula take yi, tana da saurayi mai gyaran babur a bakin kasuwa, ɗan Kafinsoli, dogo mai yawan sunkuyar da kai. Kowa ya yaba da shi. Baffansu ya yarda, mijina ya yarda. Inna ma ba ta taɓa cewa a'a ba, sai dai duk lokacin da aka ce mutanensa na son turowa, sai ta ce a bari a ga bayan salla. In salla ta wuce ta ce a bari damina ta ɗauke. Haka aka yi ta yi har mahaifin yaron ya gaji, ya aiko cewa in aka gama shigar da amfanin gona na bana ba a ba su izinin zuwa ba, zai nema wa ɗansa mata a wani gidan. Lokacin an riga an fara yankan gero.

Inna na son fim, duk da ba ta ganinsa. Talabijin ɗin da aka kawo ni da shi mun fito da shi rumfar tsakar gida mun haɗa da sola, kuma bayan la'asar takan zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa a kunna mata na Indiya mai fassara. Maganar tana jinta da kunnenta, abin da ido ke gani kuma Auta ke faɗa mata: ya faɗa kwata, ta ɓoye bayan ƙofa, ga uban nan tafe da sanda. Daga nan dabara ta zo wa Auta.

Wata rana ta dawo daga shagon masu tura finafinai a waya, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa muka kalla. Fim ne na ban dariya. Wani saurayi mai facin keke, rumfarsa na kallon shagon wata bazawara mai sayar da alawa. Bazawarar na da ɗiya ɗaya mai zuwa makaranta a keke, shi kuma ɗiyar yake so, kullum sai ya lallaɓa ya soke mata taya da ƙusa don ta kawo masa gyara. Akwai akuyarsa mai shiga shagon tana cinye alawa, akwai faɗa da tsiwa da guje-guje. Uwar ta ƙi shi, har ya yanke shawarar kwashe kayansa ya bar garin. A ƙarshe, yana ɗaure kaya ana ruwan sama, sai ga yarinyar tana turo kekenta, tayoyin biyu duk a sace. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa ƙusa: ita ta soke su da kanta. Ta yar da keken, ta rungume shi, ya ɗora ta a gaban nasa keken ta jingina kanta a ƙirjinsa suka tafi. Duk wannan ba magana ko ɗaya, mai fassara ya yi shiru, waƙa ce kawai ke tashi.

Auta ta ce wannan fim ɗin take so Inna ta ji, ko zuciyarta za ta yi laushi. Amma ita ba za ta iya zama ta faɗa wa mahaifiyarta ƙarshensa ba, ai ya zama ta nemi aure da bakinta. Za ta fara, in an kusa ƙarewa ta fake da zuwa kai niƙa, ni in ƙarasa. Na cika baki. Na ce ta bar mini, ni da na saba ba da labarin fim tun ban iya ɗaura zane ba, wannan ai ƙaramin aiki ne.

Da farko komai ya tafi daidai. Da Auta ta ɗauki kwanon niƙa ta fita, na matso gefen tabarma, idona kan talabijin, in na juyo kuma kan ƙafafun Inna. Na faɗa mata yadda akuya ta fito da kanta cikin tukunyar alawa, da yadda saurayin ya ɓuya cikin ganga. Ta yi ta dariya tana tafa cinya, har na fara jin daɗin kaina. Ana cikin haka mijina ya shigo yana turo babur, ya gaida Inna, ya ɗauki buta ya tsuguna can gefe yana wanke ƙafa. A daidai lokacin mai fassara ya yi shiru, waƙa ta tashi, yarinyar ta yar da keke.

Inna ta karkato kai. "Mi ya hwaru? Na ji sun yi shiru."

Kalmar tana bakina. Ta rungume shi. Amma in faɗe ta a gaban uwar mijina, ga ɗanta tsugune yana ji? Na ji kamar ni ce a tsakiyar titin nan cikin ruwa jama'a na kallo. A talabijin yarinyar ta riga ta kwantar da kai a ƙirjinsa. Na ji muryata tana fita ƙasa-ƙasa, na ce ta kawo masa keken ne ya yi mata faci na ƙarshe, ya ɗauki kayansa ya tafi.

"Ita hwa?"

Na ce ta koma shagon uwarta.

Inna ta saurari waƙar har ta ƙare. Sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ɗiyar kirki." Mijina bai san fim ɗin ba, bai kuma ɗago kai ba, ya zubar da sauran ruwan butar ya shige ɗaki.

Da a nan abin ya tsaya da na samu sauƙi. Amma Inna ta ɗauki ƙarshen nan da na ƙirƙira ta riƙe shi hannu bibbiyu. Auta na dawowa, tun ba ta sauke kwanon gari ba, Inna ta fara ba ta labari: yarinyar ta yi hankali, ta duba ta ga uwarta ba ta da kowa, ta haƙura. Ta ce ashe Indiyawa ma sun san haƙƙin uwa. Auta ta tsaya da kwano a ka, ta juyo ta dube ni. Ba ta harare ni ba, da ta yi hakan da ya fi mini. Kallona kawai ta yi, ta sauke kwanon ta shiga madafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin kunya irin tasu ba. Duk matar da ta shigo gaida Inna sai ta sha labarin fim ɗin, kuma kullum yana ƙara tsawo. Inna ta gano ma'anoni a ciki waɗanda ni mai ƙaryar ban san da su ba. Ta ce facin ƙarshen nan sallama ce ta mutunci, yana nufin ya gyara abin da ya ɓata kafin ya tafi. Ta ce ruwan saman da aka yi albarka ce ke sauka a kan yarinyar. In ta kai wani wuri sai ta juyo inda take jin motsina ta ce, ko ba haka ba, amarya? Ni kuwa ina tsugune ina tsince wake, in ce haka ne, Inna. Wata maƙwabciyarmu da na tabbata ta kalli fim ɗin ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube ni, ta dubi Inna, ta mayar da bakinta ta rufe. Ran nan ko abincin kirki ban ci ba.

Auta ba za ta iya gyarawa ba. In ta ce wa mahaifiyarta ba haka aka yi ba, rungume shi ta yi ta bi shi, to kanta take nufi, kuma ta ƙaryata matar yayanta a gaban uwa. Sai ta bar maganar. Ta daina tsokanata, ta koma gaishe ni da safe cikin ladabi kamar baƙuwa, abin da ya fi zagi ciwo. Na lura kuma in saurayin ya aiko yana waje, takan ce a ce masa tana aiki. A gonaki an gama yanka, amalanke na ta shigowa da dammunan gero, kowane dami da aka jefa rumbu sai gabana ya faɗi.

Na faɗa wa mijina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan da ya gane inda abin ya kai, dariyar ta ɗauke. Na roƙe shi ya yi wa Inna bayani. Ya ce shi ya tsaya gaban mahaifiyarsa yana kwatanta mata yadda mace ta rungumi namiji? Ya ce ni na faɗa, ni zan warware. Na ji haushinsa sosai, har na ce masa ai tsugunon da ya yi da buta ne ya jawo komai, mutum ya rasa lokacin wanke ƙafa sai wannan. Da na je Kankia ganin gida na kai wa mahaifiyata ƙara, ina sa ran ta tausaya mini tunda huɗubarta na bi. Ko tankaɗen da take yi ba ta dakatar ba. Ta ce, "Kunya na ce ki ji, ban ce ki yi ƙarya ba."

Na dawo Kusada na zaɓi wani hantsi, mijina na makaranta, Auta ta tafi kasuwa sayen zare. Na ɗauki waya na yi sallama ɗakin Inna. Tana zaune bakin gado da carbi. Na durƙusa, na ja hijabi har ya kusa rufe mini fuska, na juya ina kallon bango, kamar ita ce mai gani ni ce abin kallo. Na ce akwai abin da na faɗa mata ba daidai ba game da fim ɗin mai faci. Daga nan na zubo shi a guje ba numfashi: ƙusar, da keken da ta yar, da rungumar, da kan da ta ɗora a ƙirjinsa. Da na furta kalmar, ƙasa ba ta tsage ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Kaza ce kawai ke ta kyarkyara a tsakar gida.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ina jiran faɗa, ina ma fatan ta yi.

"Na ji kiɗan," in ji ta. "Na ce a raina wanga kiɗa ya cika murna, ba ya kama da na rabuwa. Amma da kika hwaɗi haka sai na amsa, don shi nike son ji."

Sai ta yi tambaya, a hankali.

"Uwar hwa? Tana ina sa'adda suka tahi?"

Fim ɗin nan na kalle shi ni kaɗai a ɗaki ya fi a ƙirga, ina cizon yatsa, na san launin gyalen yarinyar, na san inda ƙusar ta lanƙwashe. Amma ban taɓa tambayar kaina ina uwar take ba. Mu duka, ni da Auta da mijina da baffansu, mun yi ta lissafin saurayi da budurwa da ƙarshen kaka, muna cewa tsohuwa ta cika jan rai. Babu wanda ya zauna ya ce, to in an kai Auta Kafinsoli, wa zai ajiye buta inda hannu zai same ta? Wannan kunyar ta fi ta farko nauyi, kuma ba ta da alaƙa da huɗubar kowa.

Na ce ban lura ba, amma bari in duba. Na kunna wayar na kai wurin, waƙar ta cika ɗakin. Sai ga uwar. Lokacin da keken ke wucewa, can baya a bakin shagon alawa, tana tsaye da faranti a hannu, ruwa na dukan gefen zanenta. Ba a daɗe ana nuna ta ba, ƙiftawar ido ce. Na mayar baya na tsayar da hoton, na faɗa wa Inna abin da nake gani.

Ta tambaya ko yarinyar ta waiwayo. Ƙarya mai daɗi ta zo mini har bakin leɓe, kuma na san da na faɗe ta za ta karɓa. Na haɗiye ta na ce, "Ba ta waiwayo ba, Inna."

"Akwai wani kusa da ita?"

"Babu kowa. Sai akuyar."

Ta yi wata 'yar gajeruwar dariya ta hanci. Ta ce ai gara akuyar da babu. Sannan ta ce in duba da kyau, kuka matar take yi ko dariya. Na ja hoton da yatsu ya girma har ya dushe. Bakinta a ɗan buɗe yake, fuskarta jiƙe, amma ruwan sama ake yi. Na juya wayar ta nan, na juya ta can. Na ce gaskiya ban iya ganewa ba.

"Ai ba a ganewa," in ji Inna.

Ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshe, ta shafa. Ta ce in maigidana ya dawo in ce masa ya je wurin baffansu, a aika Kafinsoli su turo kafin a rufe rumbu. Ta faɗe shi ne kamar mai aiken a sayo gishiri. Na ce to, na yunƙura zan tashi in fita da kunyata, sai ta ce in dakata. Ta laluba ƙarƙashin matashin kai ta ciro 'yar kwalbar maganin, ta miƙo ta saitin inda take jin numfashina.

"Na rana ya yi. Zo ki koya tun Auta tana nan."

Na karɓa. Ta ɗaga kai sama ta jira. Ba yadda za a yi a ɗiga wa mutum magani a ido ana kallon ƙafarsa, amma sai da na gwada. Na miƙe tsaye a kanta, na kawar da fuska gefe, na matsa kwalbar a kan sa'a. Ɗigon ya sauka a kumatunta ya gangara wajen kunne.

Dole na juyo. Ashe tana da 'yan tsagu siraru a gefen ido, irin na mutanen da. Ashe hancin Auta nata ne, da wushiryar ma. Ashe fuskar ƙarama ce, ba ta kai yadda na gina ta a raina ba, kuma gefen idon da ban ɗiga wa komai ba shi ma a jiƙe yake. Na sa yatsa na riƙe mata fatar idon.

"Kin ɓarar da ɗaya," in ji ta. "Sake. In ba ki dube ni ba, ɗiyata, ba ya shiga."